Tarkon Gafiya a Gotar Maamobi

Ta bayan gidanmu a Maamobi, cikin birnin Akra, wata babbar kwata ta wuce, wadda duk zango, unguwarmu ta Hausawa, ke kira gota. Ni kafinta ne, shagona na jikin gidan. Shekarar da matata ta fara kiwon agwagi, gafiyoyi suka sa mu gaba. Daga gota suke haurowa. Ƙwai ba ya kwana, 'ya'yan agwagwa kuwa sai dai a tarar da gashi da ƙafafu.

Na so in zuba guba. Wani tsoho da ke yini a bencin ƙofar shagona ya hana ni. Mutumin bakin kogin Kwara ne, ya yi sana'ar su da ƙuruciyarsa kafin Akra ta riƙe shi.

"Guba ba ta da ido," in ji shi. "Har kajin mutane za ta ci. Kawo katako."

Ya sa na ɗaure jarkoki huɗu a ƙarƙashin wani faffaɗan katako, na kafa dogon akwati mai baki biyu a kai, muka shimfiɗa yumɓu mai laushi a ciki. Na sauka na ɗora shi a kan ruwa, na ɗaure igiyarsa a ƙarfen gadar da ke kan gotar. Mako guda babu tarko, sawu kawai muke karantawa. Da safe in hauro da yumɓun, ya nuna mini da tsinke: ga na gafiya da jan wutsiyarta, ga na guza, ga na tsuntsu. Sai da ya tabbatar gafiya ce ke yawan bi, sannan muka sa kejin waya mai ƙofar da ke faɗawa. A bakin akwatin ya sa na buga dogayen ƙusoshi biyu.

"Gafiya za ta ratsa tsakaninsu, kyanwa da guza ba za su iya ba. Kuma kullum safiya ka duba. Wanda ya ɗana tarko, amanar duk abin da ya faɗa ciki tana wuyansa."

Na ce, "To, Baba."

Mun kama da yawa. Amma akwai wata ƙatuwa da ke zuwa bakin akwatin, ta bar sawu a gaban ƙusoshin ta juya. Abin ya tsaya mini a rai. Wata Laraba na zare ƙusoshin ban gaya wa kowa ba, na sa kan busasshen kifi a kejin. Kafin azahar aka bugo mini waya daga Kumasi cewa ƙanin mahaifina ya rasu. Ni da matata muka shiga mota.

Ranar addu'ar uku na tuna da tarkon, hannuwana a sama. Waya na aljihuna. Da na kira wani cikin maƙwabta da ya sauka ya duba. Sai na ce a raina, ai gafiya ce, in ta mutu ta mutu.

Kwana biyar muka yi. Lokacin zafi ne, ruwan gota ya janye har katakon ya jingina da bango. Tun daga kan gada na ga ƙudaje. Kyanwa ce a ciki, fara mai baƙin kunne ɗaya. Bakinta a buɗe, faratanta sun kakkarye a jikin waya, ta karce katakon ƙasa har ya yi fari. Ga ruwa dab da ita, ba ta kai gare shi ba.

Na san ta. Ta tsohuwa mai koko ce da ke tsallaken lungunmu, wadda idonta ya kusa tafiya, ba ta da kowa a ɗaki sai kyanwar nan. Na cusa gawar a buhu na kai bola. Katakon na farfasa shi a ranar. Baba ya dubi tarkacen, ya dube ni.

Kowace safiya bayan ta sauke tukunya sai tsohuwar ta tsaya bakin ƙofa tana kaɗa kwano: "Mus, mus, mus." Ina jin ta ta cikin ƙarar zarto. Washegarin dawowata ta aiko a kira ni.

"Ɗana, ba ka gan shi ba?" Hausarta ta zango ce, mace ma shi take ce mata. "Bai taɓa kwana waje ba."

"Ban gan ta ba, Mma."

"To hau ka duba mini silin. Wani abu na kuka a sama, ya hana ni sakat."

Na kawo tsani na ɓalle allo ɗaya. A kusurwa, cikin wani tsohon ɗankwali, 'ya'yan kyanwa uku ne, idonsu bai gama buɗewa ba. Biyu sun sandare. Na ukun yana buɗe baki, sautin ba ya fita sosai. Na sauko da shi na sa mata a tafin hannu. Ta shafa shi da babban yatsa, ta daɗe, sannan ta ɗaga kai wajen da take zaton fuskata take, ta yi ta sa mini albarka. Har iyayena ta haɗa. Ina tsaye da guduma a hannu ina cewa amin.

Da madarar gwangwani da tsumma ta yi ta ɗiga masa a baki, amma bai kai mako ba. Ta koma kiran uwar. Wata biyu tana kira, daga baya ta daina kaɗa kwanon, sai dai ta fito ta tsaya bakin ƙofa.

Duk wanda ya zauna gaban malamai ya ji makomar mai tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta. Na yi sadaka, na yi istigfari. Faɗa wa tsohuwar ne na kasa. Sau biyu ina zuwa da niyya, in ƙare da sayen koko.

Da ciwon ajalinta ya kwantar da ita, na je gyara mata ƙafar gado. Ina durƙushe ta lalubo kaina ta dafa.

"Kafinta, ka daina sauka gota ɗana tarko, ko?"

"Na daina, Mma."

"Madalla," ta ce. "Miƙo mini ruwa."

Na miƙa mata, na tallafe kofin har ta sha. Ranar Juma'a aka kai ta, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara.