Ranar Da Na Yi Wa Masunta Wasan Da Ba Nawa Ba

Edita, na daɗe ina jujjuya wannan magana a raina kafin na yanke shawarar rubuto muku ita, kuma ko yanzu ban tabbata zan faɗe ta daidai ba. A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne, ban daɗe da gama jami'a ba, aka tura ni Yelwa a matsayin ƙaramin jami'i a sashen kula da kamun kifi. Lokacin duk muna cikin Jihar Sakkwato. A birni na tashi, a gidajen malamai, domin mahaifina malamin makaranta ne, daga nan sai makarantar kwana. Ni mutum ne mai tsoron kuskure. Ko gaisuwa zan yi wa manya sai na maimaita ta a zuci, har Inna takan ce da ana sayar da fargaba a kasuwa da na yi arziki. Tsayawa gaban jama'a kuwa shi ne abin da na fi tsoro a duniya.

A ofis aka haɗa ni da wani dattijon ma'aikaci wanda bai yi karatu mai zurfi ba, amma ya shekara da shekaru yana yawon ƙauyukan bakin tafki. Aikinmu a wannan shekarar shi ne mu gabatar wa masunta wani sabon murhun banda da ba ya cin itace sosai, kifi kuma ba ya ƙonewa ko ya yi tsutsa da wuri. Murhunan kaɗan ne, don haka sai garin da muka rubuta cewa mutanensa na so za a gina wa. Na bi dattijon nan garuruwa da dama, abin da na gani ya ba ni mamaki. Da ya sauka daga jirgi, kafin ma ya gama sallama, sai ya toshe hanci ya tambaya ko an yi rasuwa ne a garin ko kuwa masunta ne kawai suka taru. Sai ka ji an fashe da dariya. Yakan ce musu kifi ba nama ba ne, ciyawa ce mai iyo. Yakan ce ko a Aljanna za a gane masunci, domin kyanwa na biye da shi. Su kuma su rama, su ce masa ya matsa gefe ƙudajensa na shiga musu ido. A haka za a yi ta yi har a gaji, sannan ya kawo maganar murhu, kowa ya kasa kunne.

Ni kuwa na ɗauka hikima ce ta magana, irin wadda ake koya. Na sayi ƙaramin littafi ina rubuta duk abin da ya faɗa, har da inda yake ɗan tsayawa a yi dariya. Maganar ƙudan da ake mayar masa ban rubuta ba, saboda ban ga ma'anarta ba, kuma na ji nauyin tambaya.

Sai dattijon ya kwanta ciwon ƙafa, aka ce ni kaɗai zan je wani ƙauye ta wajen Wara. Kwana uku ina haddace littafina. Da na isa, na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wata bishiya kusa da ruwa, sarkin ruwa da dattawa a gaba, mata masu banda can gefe da 'ya'yansu. Sun tarbe ni da mutunci, aka kawo mini ruwa da fura. Na miƙe, na yi sallama, na toshe hanci kamar yadda na gani ana yi, na faɗi maganar rasuwa. Na tsaya inda littafina ya ce a tsaya. Ba wanda ya yi dariya. Na ɗauka ba su ji ba ne, sai na ɗaga murya na kawo ta ciyawa mai iyo. Wani saurayi ya yunƙura zai tashi, na kusa da shi ya riƙe masa riga. Da na kai kan kyanwa da Aljanna, sai na ji wani tsoho ya yi salati a hankali.

Nan sarkin ruwa ya ɗaga hannu. Cikin taushin murya ya kira ni ɗan samari, ya ce yana da tambaya, ko ni daga gidan sarkin fawa na fito. Ban gane abin da ya kawo wannan magana ba. Na ce masa a'a, ranka ya daɗe. Ya sake tambaya, ya ce to ko ta wajen uwa, ko kaka, babu mahauci a danginmu? Na tuna har murmushi yake yi, kamar mai miƙo mini wani abu. Ni kuma don kada in yi ƙarya, na tsaya na yi tunani sosai, sannan na ce iyakar sanina babu, mahaifina malami ne, kakana ma malami ne, ba mu taɓa yin fawa ba. Ya gyaɗa kai ya ce to madalla, in ci gaba. Na karanta bayanin murhu daga farko har ƙarshe. Na ce ko akwai tambaya, babu. Matan sun riga sun watse. Aka raka ni bakin ruwa, aka yi mini addu'ar sauka lafiya, ba wanda ya ɗaga mini murya.

A jirgi na yi ta lissafin abin da ya faru. Na ce ko Hausata ce ba su gane ba, tunda wasunsu da wani harshe suke magana a gida. Na ce ko rana ce ta yi zafi. Na ce ko dai su mutane ne marasa son sabon abu. Wannan na ƙarshe shi ya fi mini sauƙi, kuma shi na rubuta. A rahotona na ce bisa ga dukkan alamu mutanen wannan gari ba su nuna sha'awa ba, kuma wataƙila ya fi kyau a fara da wani wuri. Aka gina murhunan a wasu garuruwa.

Sai bayan wata biyu na je duba dattijon a gida, na ba shi labari, har na nuna masa littafin. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya tambaye ni me na rubuta a rahoto. Da na faɗa masa, fuskarsa ta canja. Ya ce shi jikan mahauta ne, kuma duk bakin tafkin nan an san haka. Tsakanin mahauta da masunta akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na da ikon ya ci fuskar ɗan'uwansa ba a yi fushi ba. Ya ce a bakinsa wasa ne, a bakina kuwa baƙo ne mai takarda ya zo daga birni ya sha furar mutane sannan ya ce suna wari a gaban matansu. Ya ce tambayar da sarkin ruwa ya yi mini ƙofa ce ya buɗe mini, da na ce ko maƙwabcinmu mahauci ne da an yi dariya an wuce wurin. Ya ƙara da cewa matan wannan gari su suka fi kowa damunsa da tambayar yaushe za a kawo musu murhu.

Na rubuta sabon rahoto na gyara maganata, aka ce an riga an gama rabo, sai wani zagaye. Wani zagayen bai zo ba har aka yi mini canjin wurin aiki. Kafin in tafi na koma ƙauyen, na durƙusa gaban sarkin ruwa na ba shi haƙuri, na kuma faɗa masa abin da na rubuta a kansu. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ya wuce, yaro ba ya rasa kuskure, kuma dama shi ya gane a tsorace nake a ranar. Da zan shiga jirgi ya sa aka kawo mini ƙullin kifi banda. A gida na buɗe, na ga gefen kowane kifi ya ƙone ya yi baƙi, irin na tsohon murhu. Har yau ban sani ba ko ya ba ni ne don ya nuna ya yafe, ko don in gani da idona. Mai yiwuwa kuma abin da suke da shi ke nan kawai.

Abin da zan iya cewa na koya, in ma na koya, shi ne dariyar da wani yake samu a gaban jama'a ba daga kalmominsa kaɗai take fitowa ba, akwai abin da ke tsakaninsa da su wanda baƙo ba ya gani. Ina roƙon matasan da ake turawa cikin mutane su yi magana, kafin ku ari wasan wani ku tambaye shi wa ya ba shi iko. In kuma taro ya yi muku shiru, kada ku yi saurin rubuta cewa laifin masu sauraro ne. Ni na yi haka, kuma ba ni na biya ba, matan nan ne suka ci gaba da shaƙar hayaƙi.