Jan Makin Baba Direba

A shekarun da rikici ya yi tsanani ina aiki a ofishin wata ƙungiyar agaji a Maiduguri, ni ne mai kula da motoci. Ni ba bakanike ba ne, ban kuma karanci kwamfuta ba, amma da yake na iya sa wa firinta tawada sai aka ɗauka babu abin da zai gagare ni. Shi ya sa ranar da aka kawo wasu 'yan na'urori aka maƙala a ƙarƙashin sitiyarin kowace mota, ni aka ɗora wa su. Aikinsu sa ido a kan direba: ya taka totur da ƙarfi, ya danne birki ba zato, ko ya bar inji a kunne mota na tsaye. Duk sai su kawo wa wata manhaja a kwamfutata gulmar, ita kuma ta raba maki, mai tattalin mai kore, mai ɓarna ja.

Tun makon farko na tsani abar. Wanda ya ƙirƙiro ta bai taɓa bin layi a shingen sojoji ba, inda za ka matsa taku biyu ka tsaya, ka sake matsawa ka tsaya. Direbobi suka yi ta tsine mata, sannan suka koyi kashe mota a layi, a hankali kowa ya lallaɓa ya koma kore. Mutum ɗaya ne ya ƙi motsi daga ja, wani dattijo Babarbare da kowa ke kira Baba. Yana haya a Abbaganaram tun da ya gudo daga garinsu, da iyalinsa da na ƙaninsa duk a wuyansa. Abin haushin shi ne duk ofishin babu mai tuƙi irin nasa. In Baba ke jan ka, sai ka sha shayi a mota bai zube maka a riga ba.

Shugabar ofis ta ce duk wanda ya yi wata uku a ja ba za a sabunta masa kwantiragi ba. Baba ya riga ya yi biyu. Ni kuwa na rantse na'urar ce ta samu matsala.

Na cire ta, na hure ta, na mayar. Na goge manhajar na sake saukewa, abin da ya ci mini yini guda saboda sabis na zuwa yana ɗaukewa. Na kira wani ma'aikacin kamfanin da ya sayar mana, yana can Legas, ya ce in kashe in kunna. Na ce na yi. Ya ce in ƙara. Na ɗauki kwamfutar zuwa gida Moduganari, na zauna a shagon mai cajin waya ina bin layukan lambobi har idona ya yi yaji. Daga ƙarshe na musanya na'urar Baba da ta wani direba, ina murna zan kama ta dumu-dumu. Bayan kwana uku wancan yana nan kore shar, ja kuwa ya bi Baba sabuwar na'ura. Manhajar ta nace cewa motarsa na yin awa biyu, wani lokaci uku, tana ci a tsaye.

Da na rasa yadda zan yi sai na bi shi aiki wata safiya, muka kai ma'aikatan lafiya wani sansanin 'yan gudun hijira ta wajen tsohuwar Maiduguri. Muna shiga ya juya motar ta fuskanci ƙofa, mutane suka sauka, ya ja birkin hannu ya jingina. Injin na ta kaɗawa. Na jira minti biyar, na jira goma. Raina ya ɓaci sosai, don na tuna kwanakin da na ɓata ina zargin na'ura.

Na ce, “Baba, don Allah me ya hana ka kashe motar nan? Sati biyu ina wahala a kanka, ashe kai ne.”

Ya ce, “Ɗana, ni ba na kashe mota a wajen gida.”

“Aikinka fa za ka rasa.”

Ya kalli ƙofar sansanin. Can ya ce, “Ran da suka shigo garinmu, da safe ne, ina ɗuma inji zan tafi kasuwa. Motata a kunne, na kwashi yara, nawa da na ƙanina, na fita. Shi tasa a kashe take, batir ba ƙarfi. Ta madubi na gan shi yana murɗa makulli.” Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Na je na sami shugabar na faɗa mata. Ta tausaya ƙwarai, amma ta ce makin kai tsaye yake tafiya babban ofis, kuma can launi kawai suke gani. Na koma na laluba manhajar ciki da waje ko akwai inda ake rubuta dalili. Akwai gurbin lambar mota, akwai na irin man da take sha, har da na girman taya. Na dalili babu. Haka na koma wurin Baba, ina jin kunya, na ce masa saura kwana goma, ya zaɓa.

Wata bai ƙare ba ya koma kore. Shugabar ta yaba mini a taron ma'aikata, wai na shawo kan matsalar manhaja, aka yi mini tafi. Aka sabunta wa Baba kwantiragi. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, don na san bakin da ke jiran albashin nan.

Bayan nan wani aiki ya kai ni sansanin da tsakar rana, lokacin zafin da ko kuda ba ya son tashi. Na hango motar Baba ta fuskanci ƙofa, injin shiru. Sauran direbobi na ƙarƙashin darbejiya suna hira, shi yana zaune a kujerarsa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafarsa a kan kuloci, yatsunsa biyu riƙe da makulli a cikin ramin. An ce mini haka yake yi kullum har a tashi.

Na matsa na gaishe shi. Bai saki makullin ba, sai ya miƙo mini hannun hagu, ya ba ni haƙuri a kan hakan.

Ya ce, “Ɗana, na kashe. Ka gani a kwamfutarka?”

Na ce na gani.