Gaffaru, Wakilin Anbar na Huɗu

An haifi Abdulghaffar a Nuzla, wata unguwa a Jidda, a shekarar 1954, amma ban da malamin da ya raɗa masa suna da ma'aikatan gwamnati, ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa da wannan dogon suna. Gaffaru ake ce masa. Mahaifinsa mutumin Damagaram ne da ya taho Hajji a ƙasa, ya yi shekaru a hanya, da ya iso kuma ya ce ƙafafunsa sun gama aikinsu, ba zai ƙara tambayarsu komai ba. Gaffaru ya tashi da Larabci a baki da Hausa a kunne. In ya fara zance da Hausa, kafin ya kai ƙarshe Larabci ya ƙwace.

Sana'arsa gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ya shiga wani shago a unguwar Aziziyya a 1975, kuma hannunsa ya yi suna. A 1987 ne na'urorin suka fara yi masa magana. Da fari gaisuwa ce kawai, shi ma yana amsawa cikin ladabi. Daga baya suka koma gulma. Wata rana yana aiki a hawa na uku na wani gini, mukayyif ya ambaci mahaifiyarsa da abin da ba shi da daɗin ji, shi kuwa ya tura shi ta taga. Mukayyif ɗin ya sauka a kan sabuwar motar mai ginin. Allah ya sa ba kowa a ciki. Alƙali ya saurari bayanin Gaffaru har ƙarshe, ya tambaye shi abin da na'urar ta ce, sannan ya tura shi asibitin masu taɓin hankali maimakon kurkuku.

A asibitin, anbar suke ce wa ɗakin kwanan marasa lafiya. Na huɗu shi ne na waɗanda kotu ta turo: ƙofofin ƙarfe biyu, askari mai gadi a bakin ta waje. Ba mai fita sai lajna, wato kwamitin likitoci, ta rubuta wa alƙali cewa mutum ya warke. Gaffaru ya shekara uku a ciki. Ya fito da teɓa, da ƙwayoyin da yake sha safe da yamma ba fashi, da kuma sanin anbar ciki da bai: wane ma'aikaci ne ake roƙo kafin ya sha shayi, wane ne sai bayan ya sha.

Bai yi wata biyu a gida ba ya koma, wai ya yi wa wani ɗan Chadi alkawarin goro. A ranar aka rasa mai fassara, aka jawo shi. Daga nan aka ba shi kati ya rataya a wuya. Ba albashi, ba muƙami, amma shi ya naɗa kansa wakili, kuma ba wanda ya ga amfanin yin gardama da tsohon ɗan gida.

Litinin da Alhamis yake zuwa. Yakan zauna bakin gadon sabon shiga, ya ce, “Ka ga gadon can na kusa da taga? Nawa ne. Ni mukayyif na jefa. Kai me ka jefa?” Mutumin da ya yi mako bai ce uffan ba sai ka ga ya ɗago kai. Gaffaru ne mai kai ƙarar allurar da ke sandarar da harshe, shi ne mai faɗa a kan bargo, shi ne mai yawo a lungunan Balad, tsohon garin Jidda, yana neman kafili, wato ubangidan da ya manta yana da ma'aikaci a kulle, ko dangin da suka ɗauka ɗan'uwansu ya mutu.

Aibinsa ɗaya ne, kuma babba. Duk abin da Baƙin Fata ya yi a anbar, in likita ya ɗauki alƙalami, sai Gaffaru ya ɗaga hannu ya ce, “Adatna, ya Dakta.” Al'adarmu ce. Wani mutumin Abeshe na ɓoye burodi a cikin matashi har ya yi kore: al'ada. Wani ba ya barci sai a ƙarƙashin gado: al'ada. Akwai wanda kan jefi talabijin da silifa duk lokacin da mai karanta labarai ya bayyana, Gaffaru ya ce a ƙasarsu haka ake gaida manya. Shi kuwa iyakar tafiyarsa a duniya Madina. Dakta Abdulwahid, shugaban anbar, mutum mai haƙuri da ya san shi tun yana kwance, ya taɓa cewa in rabin abin nan gaskiya ne, to ƙasar kakannin Gaffaru ita ce anbar mafi girma da Allah ya halitta.

A 2002 aka kawo Mato, mutumin wani ƙauye kusa da Tasawa, mai gadin wani gini a Aziziyya. Ciwon taɓin hankali ya kama shi, ya ɗaure ƙofar ginin da sarƙa ya hana kowa fita, yana cewa akwai abin da ke jiransu a titi. Da 'yan sanda suka zo, ya kwaɗa wa ɗaya buta a goshi. Cikin 'yan watanni magani ya karɓe shi. Ya koma mutum mai sanyi, mai sallah a kan lokaci, mai share tsakar anbar ba a sa shi ba. Burinsa ɗaya: lajna ta sallame shi, alƙali ya rufe maganar, 'yan tarhil masu mayar da baƙi ƙasashensu su sa shi a jirgi ya koma gida ya tarar da tsohuwarsa da rai. Wanda lajna ta ƙi kuwa sai ya jira wani zaman, bayan rabin shekara.

Sau biyu Mato yana shiga, Gaffaru na gefensa yana fassara, sau biyu yana faɗuwa, kuma a wuri ɗaya. A Jidda in ana son girmama mutum da sunan ɗansa na fari ake kiransa. Shi kansa Gaffaru Abu Abdulghani ne. To sai likita ya yi murmushi ya ce, “Da wa za mu kira ka? Abu wa?” Mato ya sunkuyar da kai. A tambaye shi 'ya'yansa nawa, ya ce uku. Alhali ƙaninsa, ran da aka kawo shi, ya shaida wa asibiti cewa huɗu ne, babban sunansa Usuman. Likitoci suka rubuta cewa mutumin bai san yawan 'ya'yansa ba, kuma ba ya tuna babban.

Gaffaru ya kai kukansa gida. Matarsa Uwani, wadda aka kawo ta daga Maraɗi tana budurwa, tana tsintar shinkafa.

“Wallahi, ya Uwani, mutumin nan lafiyarsa ƙalau, ahsan minni, ya fi ni ma. Amma da an zo kan yaron nan, halas, shi ke nan, sai ya zama bango.”

“Ɗan fari ne?”

“Aiwa.”

“To me kake so ya ce? Ya buɗe baki ya kira sunan ɗan fari a gaban mutane? In ma sunan mahaifinsa aka mayar wa yaron, ai ka ga abin ya zama biyu.”

“Suna ne fa! Ni kullum ba Abdulghani nake kira ba?”

“Kai ai a nan aka haife ka, Malam. Ba a tuhumarka.” Ta watsar da tsakuwa. “Ni ka taɓa ji na kira?”

Gaffaru ya shiga tunani. Ya yi ta lalube a cikin shekarun aurensu. Ya tuno “kai”, ya tuno “wancan”, ya tuno “ku kira min yayanku”. Yaron har ya yi gemu.

“La ilaha illallahu. Ni na ɗauka haushinsa kike ji.”

“Ina jin haushinsa ma. Amma wannan daban.”

Ranar Litinin ya shiga ofishin Dakta Abdulwahid da ƙarfinsa, ko sallama bai gama ba.

“Ya Dakta, maganar Mato. Adatna!”

Likitan ya cire tabarau, ya yi dariya har da tari.

“Wallahil azim, wannan karon gaskiya ne!”

“Wannan karon? To sauran fa, ya Abu Abdulghani? Mai silifa fa?”

Gaffaru ya dubi silin.

“Zauna,” in ji likitan. “Ni ina ganin Mato kullum, na san ya samu sauƙi, kuma zan faɗa. Amma mu uku ne a lajna, biyu daga waje suke zuwa, kuma duka biyun sun sha jin adatna daga bakinka. In na kai musu ita, da ni za su haɗa su yi dariya. Daga bakinsa suke so su ji. Huɗu, da sunan yaron. Bas, iyakarta ke nan.”

Saboda haka Gaffaru ya buɗe wa Mato makarantar rashin kunya a tsakar anbar, a inuwar katanga.

“Yalla, ya Mato. Ni ne Dakta. Dube ni cikin ido. 'Ya'yanka nawa?”

“Uku, Alhaji. Sai kuma wani yaro da ke wurin tsohuwa.”

“Wani yaro! Daga sama ya faɗo? Wa ya haife shi?”

“Allah ne mai bayarwa.”

“Na sani Allah ne! Ta hannun wa?”

Mato ya dubi yatsun ƙafarsa. Gaffaru ya sake dabara.

“Tayyib. Bar yaron. Karatu za mu yi. Bayan Sayyadina Umar, wa ya zama halifa?”

“Allah ya ƙara masa yarda,” in ji Mato.

“Amin. Sunansa?”

“Ai kai ma ka sani, Alhaji.”

Ya gwada lallashi, ya gwada zagi. Ya ce masa ƙauyanci ne zai kashe shi a hannun Larabawa. Ya ce masa tsohuwa na can tana duban hanya, shi yana nan yana rowar suna kamar zinariya. Wannan ta taɓa Mato. Ya ce, “Ubana bai taɓa kiran nawa ba har ya koma ga Allah. Ba ƙina yake yi ba.” Ya tashi ya ɗauki tsintsiyarsa.

Gaffaru ya yi tunanin ya faɗi sunan da kansa a cikin fassara, amma suna ba ya ɓuya. Likitocin za su ga bakin Mato bai motsa da shi ba. Haka aka shiga zama na uku, a farkon 2004, ba shiri.

Tebur dogo, likitoci uku, Mato a kan kujera da sabuwar jallabiya da Uwani ta aiko masa, Gaffaru a gefe yana zufa. Tambayoyin farko suka wuce lami lafiya: yau wace rana, me ya kawo shi, me zai yi in ciwon ya dawo. Sai babban cikin baƙin likitocin ya duba takarda ya ce, “'Ya'yanka nawa, kuma wane ne babba?”

Gaffaru ya fassara, ya ƙara da nasa a ƙasa-ƙasa: “Don girman Allah, ya Mato. Jirgi ne fa.”

Mato ya juyo ya dube shi, karo na farko cikin ido.

“Alhaji, fita.”

“Na'am?”

“Ka fita waje. Waɗannan ba su san komai ba, ko na faɗa a gabansu kamar na faɗa wa katanga ne. Amma kai, duk da lalacewarka, ubanka mutumin Damagaram ne.”

“Wa zai yi maka fassara?”

“Na yi gadi shekara da shekaru. Na iya ƙirga huɗu da Larabci.”

“Me yake cewa?” in ji baƙon likitan.

Gaffaru ya miƙe, ya gyara katinsa. Kalmar nan tasa ta zo masa har bakin leɓe, ya ga Dakta Abdulwahid na kallonsa ta saman tabarau, ya haɗiye ta.

“Ya ce in fita, ya Dakta. Wai ni ne matsalar.”

“Wannan kam,” in ji Dakta Abdulwahid, “alamar hankali ce. A rubuta.”

Gaffaru ya tsaya a baranda tare da askari. Ya so ya kanga kunne a ƙofa, askarin ya galla masa harara. Can aka buɗe, Dakta Abdulwahid ya leƙo.

“Halas. Za mu rubuta wa alƙali.”

“Ya faɗa?”

“Ya faɗa. Ya kuma roƙe mu kada mu gaya maka ya faɗa.”

Mato ya fito a bayansa, fuskar nan kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Gaffaru ya buɗe hannuwa zai rungume shi, Mato ya kauce.

“Ba abin da ya faru a ciki, Alhaji.”

“Ba abin da ya faru,” in ji Gaffaru.

Kafin damina ta faɗi a ƙasarsu aka sa Mato a jirgi. Ya tarar da tsohuwar da ranta, ta ƙara shekara biyu a duniya. Ƙaninsa ne ya kawo labarin Nuzla, tare da ƙullin kilishi da saƙon baki: a gaida Alhaji, a gaida maiɗakinsa, a gaida wancan yaron nasu.

Gaffaru ya ci gaba da zuwa anbar har 2011, lokacin da gwiwa ta hana shi hawa matakala. A majalisar ƙofar gidansa yakan ba da labarin Mato a matsayin babbar nasararsa, ya ce shi ya tsara komai, har da korar da aka yi masa. In Uwani na jin sa daga ciki, sai ta ɗaga murya ta ce a tambaye shi wa ya gaya masa tun farko. Shi kuma ya ce wa baƙi su ci kifinsu, kada ya huce.