Katin Gaisuwar Ummana

A gidanmu na Badarawa, rediyo bisa tagar kicin yake zama, an ɗaure masa baya da kyauro don kada batir ya zubo. Ranar Asabar da hantsi ake shirin gaishe-gaishe, kuma mai gabatarwar wani sarkin surutu ne. Sai ya rage waƙa ana tsakiyar daɗinta ya tsokani mai kati, ya mayar, ya sake ragewa. Da an sako tallar sabulu kuwa, mu da yaran maƙwabta sai mu ɗauka baki ɗaya, har Baba, ma'aikacin gwamnati mai cewa shirme ne, ƙafarsa na rawa ƙarƙashin jarida.

Umma ba ta wasa da aika kati. Ni ke rubuta mata. Ta gaida ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ta gaida gwaggo, ta gaida Maman Yara, maƙwabciyarmu malamar makaranta 'yar kudancin Kaduna, har mai markaɗe sai da ya taɓa shiga. Ni kaɗai ce ba na ciki, don ni ce 'yar fari, kunya ba ta barinta ta kama sunana. Na san al'ada ce, amma wallahi abin yana cina.

Na taɓa cusa sunana a ƙasa. Ta sa Maman Yara ta karanta mata, ta ce, "Goge wannan, mara kunya. So kike gari ya ji?"

Da na tafi karatu Zariya, wata Asabar muna wanki a ɗakin kwanan ɗalibai, sai na ji an ce a rediyo kati daga Badarawa. Na tsame hannu daga kumfa. Aka jero ƙannena, aka jero gwaggo, sannan mai gabatarwa ya yi dariya.

"Tana kuma gaida wadda ta tafi Zariya, wai ta riƙa cin abinci. Haba Hajiya! 'Yan mata nawa ne a Zariya? Ba ta da suna ne?"

Ɗaki ya kaure da ihu, kowace tana cewa ita ake nufi. Ban yi musu da kowa ba. Na koma kan bokitina ina dariya, hawaye na ɗiga cikin ruwan wanki, ranar kuma har ƙarin abinci na karɓa.