Yona Shekwolo, Mai Taje Kan Dutse

Shekara ashirin ke nan, kullum da sassafe Yona Shekwolo kan ta da babur daga Maitumbi, da guduma da takardu da wani matsefin ƙarfe a jaka. Aikinsa a ofishin binciken ƙasa shi ne bin tsagar duwatsu. In ya danna matsefin a bangon tsaga, haƙoran sai su ɗauki siffar kaushin wurin, ya zana ta a takarda. Har tsokanarsa ake yi, wai mai taje kan dutse.

A daminar 1987 ƙasa ta yi ta girgiza a wani ƙauye bayan Gwada. Tukwane suka fashe, bangon ɗakuna ya dare. Kowa ya ɗora laifin a kan wata doguwar tsaga da ke bayan gari. Mutane suka fara ɗaure kaya, ga doya a ƙasa ba a haƙe ba.

Da Yona ya iso ƙauyen, mai unguwa Gimba ya tare shi. "Malam Yona, faɗa mana gaskiya. Mu tashi?"

"Baba, ba ni kwana huɗu."

Ya shiga tsagar da rarrafe, ruwa na dukansa, ya auna wuri ɗari biyu. Rana ta huɗu ya kama hannun Gimba ya ɗora a bangon dutsen.

"Me ka ji, Baba?"

"Kaushi."

"To, dutsen da ya goga ɗan'uwansa har ƙasa ta girgiza, sulɓi yake yi kamar dutsen niƙa, ya bar ɓurɓushi kamar gari. Nan ko gansakuka ba ta kankare ba. Ban san gaibu ba, amma ba wannan ce ta motsa ba."

Bai tsaya nan ba. Ya haura tsauni ya iske masu fasa dutse da nakiya, kuma lokacin fashewarta ya zo daidai da girgizar. Ya yi ta zirga-zirga da zanensa zuwa wurin hukuma har aka rage musu nakiyar. Ƙauyen bai tashi ba. A kakar nan, motoci shida suka yi lodin doya zuwa kasuwar Gwada.

Malam Yona, kai ne ka ƙi faɗin magana sai ka auna. Yau da ka ajiye aiki, mun gode. Masu tasowa, ku yi koyi da shi: ku je wurin da ƙafarku, ku taɓa da hannunku, sannan ku buɗe baki.