Igiyar Rijiyar Maƙera

A yankinmu, tsakanin Jahun da Miga, da can ba a gardamar wane gari ne ya girmi wani. Igiya ake dubawa. Duk garin da kakanninsa suka fara shan ruwa a rijiyar wani gari kafin su haƙa tasu, to kowace shekara bayan girbi sai ya aika wa wancan garin sabuwar igiyar guga. Mai karɓar igiya shi ne babba. Mu garinmu aikawa muke yi. Muna kai wa garin maƙera da ke yamma da mu, tafiyar da ba ta kai awa biyu a ƙafa ba, kuma mai tufka igiyar ya kai ta shi ne yayan mahaifina, wanda muke ce wa Baffa.

Baffa mahaƙin rijiya ne, ɗan mahaƙin rijiya. Babu wata tsohuwar rijiya a ƙauyukan da ke kewaye da mu da bai shiga ya yashe ta ba, kuma a can ƙasa ya karanta tarihinsa. Ya san wadda aka haƙa da dagi da wadda aka haƙa da diga. Ya san gaba nawa aka yi kafin a fasa marmara, da garin da ya tashi saboda ruwansa ya koma zartsi. Ba shi da daɗin baki ko kaɗan. In ka tambaye shi labari sai ya ba ka shi a bushe, kamar mai auna gero, ba ƙari ba ragi. Ni yana ce mini Malamin Makaranta, kuma ban taɓa tabbatarwa ko girmamawa ce ko ba'a ba.

Bayan an ba mu jiharmu, aka ɗauke ni daga aji aka kai ni ofis a Dutse, na kama haya a unguwar Limawa. A waɗannan shekarun kowa ya ɗauka an buɗe rumbu. Ana ta yanka sababbin ƙananan hukumomi da gundumomi, kowane ƙauye mai masallacin Juma'a yana ganin ya isa a ajiye masa hakimi. Sai labari ya zo cewa za a yi sabuwar gunduma a yankinmu, kuma mazauninta bai wuce garuruwa biyu ba: mu ko maƙera. Mun fi su jama'a, mun fi su kasuwa. Abin da suka fi mu shi ne shekaru, kuma an ce kwamitin da zai zo zai duba asali. Dagacinmu ya aiko a kira ni, tunda ni ne ɗan garin da ya iya jera magana a takarda, aka ce in rubuta tarihinmu.

Na tafi wurin Baffa da biro da littafi. Na same shi da hantsi a ƙarƙashin rumfarsa yana tufkar rama. Kwana biyu na yi ina rubuta abin da yake faɗa. Ya ce maƙera ne suka fara zama, domin su ke da ƙarfen da zai fasa ƙasa. Daga rijiyarsu garin masaƙa ya sha, daga ta masaƙa wasu ƙauyuka biyu na kudu suka sha, ɗaya ya mutu a wata yunwa, mutanensa suka watse suka shiga cikin sauran. Mu kuwa ruga ce. Makiyaya ne suka yada zango da shanu a kan tudu, matansu suna zuwa ɗiban ruwa wurin maƙera shekara da shekaru, har aka gaji da tafiya aka roƙi maƙeran suka zo suka haƙa mana. Na ce, "Baffa, shi ke nan? Ba wani jarumi, ba wani waliyyi?" Ya ce, "Shanu ne da ƙishirwa, Malamin Makaranta. In kana son waliyyi ka nemo a wani gari."

Da na karanta wa dattawa wannan a zauren dagaci, sai suka dubi juna. Can wani ya ce, "Wato ka rubuta wa maƙera takardar cin nasara da hannunka." Ba wanda ya ce in yi ƙarya, wannan kam zan faɗa musu gaskiyarsu. Cewa aka yi in gyara. Na koma Limawa na gyara. Na kawo wani malami daga gabas, da almajiransa da littattafansa a kan jakuna, ya sauka a tudunmu tun yankin yana daji, ya yi addu'a ya nuna inda za a haƙa. Na ba shi suna mai daɗi, na ba shi 'ya'ya uku da suka fita suka kafa ƙauyukan kewaye. Maƙera kuma na sa suka zo daga baya neman kasuwa. Abin da har yau yake ba ni kunya shi ne na ji daɗin rubutun. Ya yi kyau ƙwarai, ni kaina da na maimaita shi sai da na kusa yarda.

Ranar da kwamitin ya zo, aka kafa rumfa a filin makarantar firamare, garuruwan biyu suka hallara. Na tashi na karanta takardata, mutanenmu suna ta kabbara. Da na zauna, mai magana da yawun maƙera ya tashi. Bai zo da takarda ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ba mu iya rubutu ba. A tambayi tsohon can mai haƙa rijiya, ina yake kai igiya duk shekara, kuma me ya sa."

Aka nemo Baffa daga bayan taro. Ya tsuguna gaban shugaban kwamitin ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya faɗa mini, kalma ba ta canza ba: ruga, shanu, matan da ke tafiya da tulu, maƙeran da suka haƙa. Bai dubi kowa ba. Na ga mutanenmu suna zare masa ido, shi kuwa ko a jikinsa. Shugaban ya juyo wajena da takardata a hannunsa, ya ce, "Malam, an ce wannan baffanka ne. Maganarsa da takardarka ba su haɗu ba. Wanne za mu ɗauka?"

Ina iya cewa ban sani ba. Ina iya yin shiru. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ranka ya daɗe, a yi masa uzuri, tsufa ne."

Aka yi dariya, har da wasu daga cikin maƙeran. Baffa ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, irin duban da yake yi wa bakin rijiya in yana so ya gane ko za ta rufta. Sannan ya dafa ƙasa ya tashi ya fita daga rumfar. Bayan 'yan watanni aka ba mu gundumar. Ba na cewa takardata ce kaɗai ta kawo ta, akwai masu tsaya mana a sama, amma ita aka liƙa a fayil. Aka buga ta ƙaramin littafi, aka raba wa makarantu.

Baffa bai taɓa tayar mini da maganar ba. In na je gaishe shi yakan amsa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwan Dutse. Amma ya daina ce mini Malamin Makaranta, ya koma Malam, kamar yadda zai kira baƙo. A gari kuma maganarsa ta faɗi. Mutumin da ake aikowa daga nesa a tambaye shi inda ruwa yake, yanzu in ya buɗe baki a majalisa sai a yi murmushi a juya zance. Ni na yi masa wannan, da kalma biyu, a gaban garuruwa biyu.

Duk da haka bai daina kai igiyar ba. Da shekarun Shari'a suka zo, wasu matasa suka tashi suka ce al'adar bidi'a ce, ragowar jahiliyya. Limaminmu, Allah ya ji ƙansa, ya ce shi bai ga laifin kyautar igiya tsakanin maƙwabta ba. Amma dattawan da ba su taɓa damuwa da bidi'a ba suka kama maganar matasan da hannu biyu, domin igiyar nan duk shekara tana ƙaryata littafina. Aka hana a hukumance. Baffa ya tufka tasa ya saɓa a kafaɗa ya tafi shi kaɗai, shekara biyu a jere. A ta uku ƙafa ta ƙi. Ya aiko a kira ni, ya ce, "Malam, kana da babur." Na karɓi igiyar na ce to. Na hau hanyar yamma har na hango hayaƙin maƙera, na tuna ido nawa ne zai gan ni, na juya. Igiyar ta ƙare a tsakar gidana na Limawa, ana shanya a kanta. Da ya tambaye ni na ce na kai.

Daga baya abin ya dame ni, na sayi rakoda da kaset na je na zauna a gabansa. Littafin da na rubuta maganarsa ta farko na yar da shi tuntuni. Na ce, "Baffa, ina so mu sake daga farko, a ajiye yadda yake." Ya yi mini zancen tsadar taki, da akuyarsa da ta yi ɓari, da ciwon gwiwa. Na sake roƙo. Ya ce, "Ai kun rubuta." Kaset ɗin yana nan, minti talatin na zancen taki da akuya. Damina biyu bayan nan ya rasu.

Yanzu in baƙi suka zo neman tarihin yankin, wurina ake turo su. Wasu ɗalibai sun zo daga wata kwaleji da ƙaramin littafin nan nawa a hannu, sun ja layi a ƙarƙashin sunan malamin gabas. Na kai su gari da niyyar in faɗa musu gaskiya a hanya, na yi ta jiran lokacin da ya dace har muka isa. A ƙofar masallaci ɗaya daga cikinsu ta tambayi inda aka binne malamin. Sai wani dattijo ya tashi ya ce su biyo shi. Ya kai su bayan tsohuwar maƙabarta ya nuna musu wani tudu da aka kewaye da bulo, ya ce kakansa ya nuna masa wurin tun yana yaro. Ba ƙarya yake yi ba, na ga idonsa, ya yarda da abin da yake faɗa. Suka ɗaga hannu suka yi wa malamin addu'a, ni ma na ɗaga. Da suka tafi na shiga cikin maƙabartar in ziyarci Baffa. Ruwan sama ya baje wajen, ciyawa ta rufe, na yi ta zagayawa har la'asar ban gane kabarinsa ba.