Kawu Mai Agogo da Abincin Kaji

Kawuna, yayan mahaifiyata, gyaran agogo ya yi tun yana saurayi. Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, da teburi mai gilashi, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanaye cike da kusoshin da sai ka ƙanƙance ido kake ganinsu. Da mutane suka koma duba lokaci a waya, aiki ya yi ta ja da baya, har aka kai inda sai ya wuni bai canza wa kowa ko batir ba. Ya rufe shagon, ya kwaso teburin da fitilar ya ajiye a barandar bayan gida.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya kwance rediyon Iya, matarsa, alhali ba abin da ya samu rediyon. Ya kwance makullin ɗakin girki don ya ga yadda cikinsa yake. Ranar da Iya ta same shi yana zagaya keken ɗinkinta da sukudireba a hannu, ta kira babbar 'yarsu a waya ta ce, "Ki zo ki nema wa babanki abin yi, kafin ya kwance ni ni ma."

'Yar ta zo da kaji shida masu jajayen gashi, waɗanda suka kusa fara ƙwai, kafinta kuma ya haɗa musu akurki a jikin katanga. Ta ce, "Baba, abu ɗaya ya rage, ka je ka sayo musu abinci."

Ni na kai shi shagon sayar da abincin kaji a kan babur. Mai shagon mace ce mai fara'a, tana zaune a tsakanin buhuna, gari ya yi mata fari-fari a gira. Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Wane iri za a ba ka?"

"Au, iri-iri ne?"

Ta ce akwai na 'yan tsaki, da na masu tasowa, da na masu ƙwai. Na masu ƙwan ma kashi biyu ne: akwai gari, akwai wanda inji ya dunƙule ƙanana-ƙanana kamar guntayen bakin fensir. Kawu ya tsoma hannu a wannan buhu, ya tsoma a wancan, ya shinshina.

"To mene ne bambancinsu, 'yata?"

"Kayan haɗin ɗaya ne, Baba."

"In ɗaya ne, me ya sa aka wahalar da inji?"

Ta yi dariya ta ce ita dai sayarwa take yi, kowa da wanda ya fi so. Na ga idon Kawu ya yi wani haske da rabon da in gani tun yana shago. Ya ce a auna masa kowanne kaɗan-kaɗan.

Da muka koma gida bai ko leƙa kajin ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburi, ya kunna fitila da rana tsaka, ya maƙala gilashinsa na gyaran agogo a ido, ya zuba garin. Da ɗan hantsakin da yake ɗaukar kusoshin agogo ya shiga tsince shi: ɓarzajjiyar masara gefe guda, dusa gefe guda, wasu 'yan farare masu kama da tsakuwa su ma gefe guda. Abin da ya rage wani laushin gari ne da hantsaki ba ya kamawa. Ya murƙushe dunƙulallen ɗaya, ya duba, sannan ya ɗora ɗaya a harshe.

Daidai nan Iya ta fito da bokiti. Ta tsaya ta riƙe haɓa. "Malam, abincin gidan ne ya gaza?"

"Ba gishiri sosai," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.

Washegari ya raba akurkin biyu da raga. Uku suna cin gari, uku suna cin dunƙulalle. Ya jawo kujera ya zauna a gabansu, kuma kusan nan ya tare. Duk lokacin da na biya, yana da labari. Masu dunƙulallen da farko ƙi suka yi, suna karkata kai suna kallonsa da ido ɗaya kamar an zuba musu duwatsu, sai da yunwa ta ciyo su suka sauko. Da suka saba kuwa, nan da nan suke cinyewa, sannan su rasa abin yi su koma tsattsagar juna. Masu gari su kuma wuni suke yi suna aiki: su watsa da baki, su tona da ƙafa, su tsince masarar tas, su bar laushin a gindin mazubi.

"Ka ga," ya ce da ni, "ashe kaza ma tana da zaɓe, kamar yaron da ke tsince nama ya bar sauran."

Ƙwai ya fara zuwa. Wata safiya Iya ta ɗauko ɗaya daga ɓangaren masu gari, ya fashe mata a hannu tun kafin ta kai ƙofa. Ɓawon kamar takarda. Ita ta ji haushi, shi kuwa har da tashi tsaye. Ya karɓi ɓawon ya ɗaga shi a rana, sannan ya kwashe laushin da kajin suka bari ya ƙulle a leda, ya ce in zo mu koma shago.

Mai shagon ta murza garin a yatsa ta ce, "Ai Baba, mai kawo mana kaya ya taɓa gaya mini, yawancin abin da ke ƙarfafa ɓawo da sauran magungunan a cikin wannan laushin suke. In sun bar shi, sun bar mai amfanin." Ta ce wasu suna yayyafa masa ruwa ya kama jikinsa, yadda kaza ba za ta iya ware komai ba, amma kada ya kwana, yana yin tsami. Sai ita ma ta gyara zama ta tambaye shi yadda masu dunƙulallen suke yi, don ita ba ta taɓa kiwo ba. Ina tsaye rana tana dukana, su biyu suna ta maganar kaji.

Ya fara dama garin da ruwa, ɓawo ya yi ƙwari. Sai kuma wani abu ya ɗaure masa kai. Gwaiduwar ƙwan, wadda a da take fari-fari, ta koma ja-ja kamar lemo, kuma a ɓangarorin biyu duka. Bai canza komai ba in ban da ruwa, ruwan ma a gefe ɗaya. Ya fasa ƙwai a faranti biyu ya kai ƙarƙashin fitila. Ya zargi ruwan famfo, ya zargi sabon buhu, har rana ya zarga.

Amsar ta zo ranar da ya fita aski ya tarar da layi, ya juyo gida da wuri. Ya samu Iya a bakin akurki da kwano, tana watsa musu ganyen alayyafo da ɓawon karas da guntun kabewa, wannan gefe da wancan, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa.

"Ke! Tun yaushe?"

"Tun da ka mai da su 'yan kurkuku. Kullum abu ɗaya, kai za ka iya?"

Ina biye da shi a lokacin, na ɗauka faɗa zai yi, don ta rushe masa gwajin da ya daɗe yana yi. Sai ya tsaya kallon yadda kajin suka yi watsi da mazubansu suka rufar wa ganyen. Can ya ce, "Wanne suka fi so, alayyafon ko kabewar?"

Iya ta ce, "Alayyafo. Amma waccan mai karkataccen ƙoro ba ta cin karas ko kaɗan." Ashe ita ma ta san su ɗaya bayan ɗaya, ta ma fi shi.

A ƙarshe ya cire ragar. Ya tsaya a kan dunƙulalle, saboda ba a ɓarnarsa, kuma ɓeraye sun rage zarya tun da gari ya daina zuba a ƙasa. Ganye ya zama aikin Iya, da yamma, bayan sun ci na mazubi, don kada su cika ciki da shi su ƙi abincin. Ƙwai yana isarsu, har a aika wa 'yar da mahaifiyata.

Zuwana na baya-bayan nan na same su su biyu a baranda, kujera kusa da kujera, wata kaza tana ta kyarkyara a akurki. Musu suke yi. Kawu ya ce shela take yi don sauran su san ta yi ƙwai, Iya ta ce a'a, zafi ta ji take kuka. Suka ce in raba gardama. Na ce ban sani ba, Iya ta tura mini kujera da ƙafa ta ce to in zauna in ji da kunnena.